Wata uku ina neman jif ɗin iyali a Kano: abin da na gani tsakanin dillalai, bakanike da takardu

Abin ya faro ne daga wani kwazazzabo da ke tsakanin bakin kwalta da ƙauyenmu, can bayan Malumfashi. A watan Agustan 2024 muka taso daga Kano za mu je sunan ɗan ƙanena, mu bakwai a cikin Corolla ta 2005: ni, uwargida, Hajiya mahaifiyata, da yara huɗu. Hanyar Gwarzo zuwa Dayi ba ta ba mu wahala ba. Sai da muka sauka kan burji, aka yi ruwa da daddare, motar ta zauna da cikinta a taɓo, tayoyin gaba suna juyawa a banza. Samari biyar daga gona suka zo suka ciccibe mu. Hajiya tana tsaye a gindin wata bishiyar kuka riƙe da sandarta, ba ta ce komai ba, amma da muka koma cikin mota sai ta ce, "Wannan 'yar kurciyar taka ta yi maka ƙoƙari, ka sallame ta haka nan." Daga ranar na ƙudurta sayen jif. Na rubuta wannan ne don wanda yake inda nake a lokacin, da kuɗi a hannu da zumuɗi a zuciya, amma bai san ta inda ake farawa ba.

Kuskurena na farko shi ne na fara da sunan mota, ban fara da lissafi ba. Prado ce a raina, in ba ta samu ba Lexus RX 350. Na yi sati biyu ina kallon hotuna a Jiji da Facebook har ƙarfe ɗayan dare. Uwargida ce ta dawo da ni ƙasa. Wani dare ta ɗauko littafin makarantar babbar 'yarmu ta yago takarda, ta ce, "Abban Ummi, rubuta abin da ke hannunka, ba abin da ke ranka ba." Na rubuta naira miliyan 10 da rabi da na tara, ga Corolla da aka taya miliyan 4 da rabi. Jimla miliyan 15. Sai ta ce in cire kuɗin makarantar zango mai zuwa in ajiye gefe tukuna, in kuma rubuta nawa nake shan mai a wata. A nan jikina ya yi sanyi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuma a ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dala ma haka, daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haye 1,500, kuma duk motar da ke filin dillali da dala ake auna ta, ko da ta shekara goma a Kano. Prado mai lafiya ba ta ma kusa da kuɗina. Wadda kuɗin zai iya saya, tsohuwa ce da za ta mayar da ni ɗan gidan gareji.

Washegari na je wurin bakanikena, wanda ya shekara takwas yana duba min Corolla. Na tarar da shi a ƙarƙashin wata mota, na zauna kan benci kusan awa guda kafin ya fito. Tambayoyi uku ya yi min, kuma su ne suka tsara min duk abin da ya biyo baya. Mutum nawa za ta riƙa ɗauka a kullum, kuma nawa a ranar tafiya? Sau nawa nake sauka daga kwalta a shekara? In ta lalace a Malumfashi, akwai wanda zai iya taɓa ta a can? Na ce kullum mu shida ne da kai yara makaranta, ranar tafiya bakwai, ƙauye kuwa bai wuce sau biyar ko shida a shekara ba. Ya yi dariya ya ce, "Oga, kai ba jif ɗin daji kake nema ba. Mota kake nema mai ɗan tsayi daga ƙasa da kujeru bakwai." Ya bayyana min cewa Prado a kan firam aka ɗora ta kamar a-kori-kura, shi ya sa take jure duka, shi ya sa kuma take da nauyi da shan mai. Highlander kuwa a kan ginin Camry aka yi ta, tafiyarta ta ƙaramar mota ce, sai dai ta ɗaga daga ƙasa kamar santimita 20. RX 350 injinsu ɗaya da Highlander mai silinda shida, amma kujerunta biyar ne, don haka ta fita daga lissafi tun a nan. RAV4 da CR-V sun fi sauƙin mai, su ma dai mutum biyar ne, in ban da wasu RAV4 'yan Amurka masu ƙaramar kujera a can baya wadda ko ɗan firamare zai yi ƙorafi a kanta.

Saura uku suka rage: Highlander, Honda Pilot, da Sienna. Zan faɗi gaskiya, a wajen sarari babu wadda ta kama ƙafar Sienna. Ƙofarta ta gefe zamewa take yi, tsoho zai shiga ba tare da ya ɗaga ƙafa sosai ba, kuma ko an cika kujerun akwai rami a baya da zai ɗauki buhu biyu. Abin da ya hana ni shi ne ƙasa-ƙasa take, ga tsawo, kuma kwazazzabon nan yana idona. Na biyu, yawancin na hannu da na gani sun yi jigilar fasinja tsakanin garuruwa, sun gaji. Pilot ta 2009 zuwa 2015 kujerunta takwas, kuma bayanta ya fi na Highlander faɗi. Bakanike ya ce mota ce mai kyau, sai dai injinta da bel yake aiki wanda ake canzawa bayan wani adadin tafiya, kuma in ba ka san ranar da mai ita ya canza ba, dole ka sa kuɗin a lissafi. Injin Highlander mai lita 3.5 na 2008 zuwa 2013 kuwa da sarƙa yake. Ya ƙara da cewa in shiga Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota, da kaina in tambayi farashin kaya. Na shiga wata ranar Asabar da jerin abu shida a takarda: shokozoba, famfon ruwa, lagireto, fitilar gaba, kwamfiresan AC, da giyabos. Na tambayi shago huɗu. Kayan Highlander kowa yana da su, sabo da na Kwatano. Na wasu motocin sai a ce min "sai an yi waya Legas." Wannan yinin ya fi min sati biyun da na yi a intanet amfani.

Na tsayar da shawara a kan Highlander, daga nan aka shiga zagayen filayen motoci. Duk wanda bai taɓa shiga ba ya sani cewa da wuya ka yi magana da mai mota kai tsaye. Kana sauka daga adaidaita mutum uku za su tare ka, kowa ya ce motarsa ce, alhali kowannensu la'adarsa yake ɗorawa a kai. Kalmominsu ma iri ɗaya ne kamar an ba su hadda: fentin kamfani ce, ba a taɓa buɗe injin ba, wata Hajiya ce take hawanta zuwa ofis kawai, kunna ka tafi. 'Yar Kwatano ta 2011 ko 2012, wato wadda ba a taɓa yi wa lamba a nan ba, a lokacin ana ce min miliyan 18 zuwa sama. Ta hannu kuwa daga 10 zuwa 14, gwargwadon lafiyarta da gwargwadon yadda suka ga shigarka. Na koyi wannan da wuri: ranar da na je da shadda mai aiki an ce min 14, ranar da na koma da yadi da silifa aka fara daga 12 da rabi a kan mota guda. Waɗannan farashin na wancan lokaci ne, kada wani ya riƙe su yau.

A sati na uku na ga wadda ta tafi da hankalina. Baƙa wuluk, tana ƙyalli, kujerun fata, an ce 2012 ce, miliyan 11 da rabi. Na zagaya da ita, AC kamar firiji. Dillalin ya ce akwai wani Alhaji da zai zo da yamma, in ina so in ba da kafin alƙalami. Na tura naira dubu 200 a tsaye a wurin, ba tare da takarda ba, ba tare da bakanike ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya. Washegari na kawo bakanike. Bai ma buɗe bonet ba. Ya leƙa ta gilashin gaba ta ɓangaren direba inda lambar shasi take, ya ƙirga da yatsa har zuwa harafi na goma, ya juyo ya ce min a hankali, "Oga, 2008 ce." Ya koya min abin da nake so kowa ya sani: lambar shasi haruffa da lambobi 17 ne, kuma a motocin Amurka na goma shi ke faɗin shekarar mota. 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013. Abin da aka yi wa wannan shi ne an cire mata fitilu da bamba da ragar gaba an sa na sabon yayi. Don ya ƙara tabbatar min ya buɗe but ya nuna min kujerar can baya. A ta 2008 zuwa 2010 kujerar guda ce, gaba ɗaya take kwanciya. Daga 2011 aka raba ta biyu, kana iya kwantar da rabi ka bar rabi. Wannan guda ce. An canza mata fuska, an manta da baya.

Sai da aka kai ruwa rana kafin kuɗina su dawo. Dillalin ya ce shi ma haka aka ba shi, kuma ai "ofgired" ba aibi ba ne, kowa yana yi. Gaskiya ne kowa yana yi, kuma babu laifi in an faɗa maka ka saya a farashin 2008. Na yi zarya sau huɗu, har sai da na samu shugaban dillalan filin, wani dattijo mai mutunci, ya zaunar da mu. Aka dawo min da dubu 150, aka ce hamsin ta tafi a "hana ciniki." Na karɓa na yi shiru, domin ni na kai kaina.

Bayan wannan na ɗan yi tunanin in ƙara kuɗi in sa a kawo min daga Legas, ko ma in ba wani ya sayo min a gwanjon Amurka. Wani abokin aikina da ya taɓa yi ya nuna min yadda ake saka lambar shasi a Google, sau da yawa hotunan motar a filin gwanjon Copart ko IAAI sai su fito, ka ga yadda take kafin a gyara ta. Muka gwada da wata da aka turo min hotonta daga Legas, fes da ita. Sai ga ta a can Amurka da gaba a markaɗe, balan-balan ɗin sitiyari a fashe, kuma mil ɗin da ke kanta a can ya fi wanda ke kanta yanzu da kusan dubu 60. A nan ne ma na gane cewa motocin Amurka da mil suke ƙirga tafiya, kuma kowane mil kilomita 1.6 ne, don haka in ka ga 150,000 to kilomita 240,000 ke nan. Ba duk motar gwanjo ce matsala ba, wata ɗan bugu ne a bamba. Abin tsoro shi ne wadda ta sha ambaliya, don wayoyinta a hankali suke ruɓewa. Na duba aljihuna, na duba wata biyu ko uku na jiran jirgin ruwa da dalar da ba ta tsayawa wuri ɗaya, na haƙura.

Motar da na saya a ƙarshe ba a fili na same ta ba. A masallacin unguwarmu na yi zancen, wani maƙwabci ya ce surukinsa, ma'aikaci ne da ya yi ritaya, yana son ya rabu da tasa saboda mai ya fi ƙarfin fansho. Highlander ce ruwan toka, 2011, ba ta da ƙyalli ko kaɗan, akwai ƙarce a ƙofar baya, kujerun yadi ne. Harafi na goma B ne, wannan karon da kaina na ƙirga. Dattijon ya fito da wata jakar leda cike da takardu, har da rasit ɗin canjin baƙin mai na shekaru. Na roƙe shi alfarma ɗaya, wadda ita ce mafi amfani a duk abin da na yi: ya bar ni in zo da iyalina duka su shiga. Ya ce, "Ai gidanka ne, kawo su."

Ranar Lahadi da la'asar muka je mu bakwai. Hajiya ta fara. Ta dafa ƙofa, ta sa ƙafar dama, ta ɗan juya ta zauna ba tare da an tallafe ta ba. Na tuna ranar da na gwada ta da Prado ta wani abokina, sai da aka kawo mata kujerar tsuguno ta taka. Yara biyu na tsakiya suka shige can baya suna murna. Babbar 'yar, mai shekara 14, ta gwada ta ce gwiwarta tana taɓa kujerar gaba, sai da muka turo layin tsakiya gaba kaɗan, don yana zamewa. Wannan kujerar ta baya ta yara ce, duk wanda ya ce maka babba zai zauna a ciki daga Kano zuwa Abuja bai taɓa zama ba. Sannan uwargida ta buɗe but alhali duk kujerun suna tsaye, ta kalle ni. Abin da ya rage bai wuce wurin jaka biyu ƙanana da kular abinci ba. Nan amfanin rababbiyar kujerar ya fito: in mu shida ne, a kwantar da rabi a loda kaya. In Hajiya tana ciki, sai kariyar ɗora kaya a saman mota. Muka amince da haka da idonmu a buɗe. Abu ɗaya da na kusa mantawa shi ne ƙofar gida. Da na koma na ɗauko tef na auna get ɗinmu da filin da Corolla take kwana. Ta shiga, amma sai da na matsar da tankin ruwa.

Binciken bakanike ya ci yini guda, na biya shi dubu 15, na biya mai kwamfuta dubu 10. Ya nace sai mun je da sassafe kafin a tayar da motar, domin inji mai ciwo da sanyin safiya yake tona kansa. Ya saurari ƙarar tashinta, ya duba hayaƙi, ya buɗe murfin baƙin mai ya leƙa ko akwai dasƙararren datti. Ya zaro ma'aunin man giya ya shinshina, ya ce in yana warin ƙuna a gudu. Ya ɗaga kafet ɗin ƙasa ya duba tsatsa da busasshen taɓo, ya ja bel ɗin kujera har ƙarshe don ganin alamar ruwa. Ya sa a kunna makulli ba a tayar ba, ya tabbatar fitilar inji da ta balan-balan sun kama sannan sun mutu bayan an tayar, don wasu cire ƙwan suke yi gaba ɗaya. Aka hau da ita rami, ya ƙwanƙwasa tukunyar salansa da suke kira indomi, ya ce tana nan ba a kwashe ba. Muka hau titin Zariya muka taka ta har ta shiga duk giyoyinta. Sakamako: shokozoba biyu na gaba sun mutu, famfon ruwa ya fara tsatsafo, batir ya tsufa. Tayoyin kuwa suna da zane, amma ya nuna min lambobi huɗu a gefensu, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara. Na 2017 ne. A zafin Kano wannan ba abin wasa ba ne.

Motar mai ja da ƙafar gaba ce kawai, ba fowil ba. Na ɗan ji ba daɗi, don a zatona jif dole ta ja da ƙafa huɗu. Bakanike ya ce abin da ya kama Corolla a kwazazzabo cikinta ne ya zauna, kuma fowil ƙarin mai ne da ƙarin kayan da za su lalace, saboda tafiya shida a shekara. Wanda yake shiga rairayi ko gona kullum, lissafinsa daban ne. Haka kuma gara da ta zo da ƙafa mai inci 17, don masu inci 19 tayarsu ta fi tsada kuma ta fi jin rami.

Kafin a yi maganar kuɗi na ɗauki kwafin takardun kwastan na kai a tantance. Wannan matakin mutane da yawa suna tsallake shi, su ce ai motar tana da lamba ta shekara da shekaru tana yawo. Lamba ba ta wanke duti. Tun daga 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai ta tashar ruwa, kuma duk motar da ba a biya mata duti daidai ba ana iya tsare ta a hanya ko hannu nawa ta wuce, kuma wanda aka same ta a hannunsa shi ke da asara. Wani ɗan'uwa da ke aikin fiton kaya ya raka ni. Muka ba da lambar takardar da lambar shasi, na zauna kamar awa biyu, aka dawo aka ce sun dace. Na kuma saka lambar motar a shafin hukumar kiyaye haɗura ta FRSC, ya nuna irin motar daidai. Sannan na zauna na bi lambar shasi harafi-harafi a wuri huɗu: gilashin gaba, jikin ƙofar direba, takardar kwastan, da lasisin mota.

Cinikin bai yi tsawo ba. Dattijon ya ce 13 da rabi. Na miƙa masa takardar da bakanike ya rubuta na ce, "Baba, ga abin da zan kashe kafin in ɗauki jikokinka a ciki." Na taya 12 da rabi, ya ce albarka. Maƙwabcin ya shiga tsakani, aka tsaya a miliyan 12 da dubu 800, la'ada waje, na ba maƙwabcin dubu 100 duk da ya yi ta ƙi. A cikin banki muka yi biyan, saboda abin da manhajar wayata ke iya turawa a rana bai kai ba, kuma na fi son rasit mai hatimi. Muka rubuta yarjejeniya da sunayenmu, lambar shasi, lambar inji, adadin kuɗi, shaidu biyu-biyu, da kwafin katin ɗan ƙasa na kowa. Na karɓi takardun asali duka da makulli biyu. A tambayi makulli na biyu tun kafin a biya, yanka sabo mai na'ura ba araha ba ne.

Sauya suna ya ɗauke ni zuwa uku. Ranar farko na je ba tare da hoton fasfo da kwafin katin mai sayarwa ba, aka dawo da ni. Ranar biyu na isa ƙarfe tara, aka ce natiwok ya tafi, na zauna har azahar. A bakin ƙofa akwai masu cewa su kawo a yi maka cikin awa ɗaya, da ƙarin kuɗi ba kaɗan ba. Ban ba su ba, don wani abokina ya taɓa biyan irin wannan aka ba shi inshorar da ba ta cikin kwamfuta. Ranar uku komai ya tafi daidai, aka duba motar, aka ba ni takardar sauya mallaka, sabon lasisi, takardar lafiyar mota da shaidar mallaka. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira dubu 15 ce tun farkon 2023, a da dubu 5 ce. Na saya kai tsaye daga kamfani na kuma duba ta fito a intanet. Gaba ɗaya takardu sun ci min kusan dubu 90.

Sai gyara. Taya huɗu sababbi dubu 540, shokozoba biyu dubu 170, famfon ruwa da aikinsa dubu 95, batir dubu 90, baƙin mai da filtoci da fulogi shida kusan dubu 140, kariyar sama dubu 60. In ka haɗa da la'ada, takardu, kuɗin bincike da hamsin ɗin da na yi asara, sama da miliyan 1 da dubu 300 sun tafi bayan an ce "na sallama." Da na sayi mota da duk miliyan 15 ɗin, kamar yadda na so yi da farko, da ta kwana a gida da tsofaffin tayoyi ina jiran albashi. Wanda zai saya ya ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na kuɗinsa ya manta da shi, ya shiga kasuwa da sauran.

Mai shi ne abin da har yanzu nake saba wa kaina da shi. Tankinta lita 72 ne da ɗoriya. Ranar da na fara cika shi na biya fiye da naira dubu 70, wato fiye da mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024, yaron gidan man ma sai da ya sake kallon mita. Na auna da kaina, ina cikawa in rubuta kilomita: a cikin gari da AC da cunkoson Kano lita ɗaya tana kai ni kilomita 6 zuwa 7, a babbar hanya 9 zuwa 10. Corolla tana ba ni kusan ninki ɗaya da rabi na haka. An ba ni shawarar in mayar da ita mai gas, na je na gani, sai na tarar tukunyar a daidai wurin kujerar baya ko but za ta zauna, wato abin da na sayi motar dominsa. Na bari. Abin da nake yi yanzu shi ne ranar da ba ni da kai yara, babur ɗina nake hawa zuwa aiki, kuma ban ga abin kunya a ciki ba.

Da za a mayar da ni baya, abubuwa kaɗan zan sauya. Ba zan ba da ko sisi ba sai bakanike ya gani, komai yawan Alhazan da aka ce suna hanya. Zan fara da Ƙofar Ruwa kafin filin motoci. Kuma ba zan sayar da Corolla da wuri ba, don na yi sati biyar ina biyan adaidaita ya kai yara makaranta, kuɗin da ban sa a takardar uwargida ba. Abin da ba zan sauya ba shi ne kai iyali su zauna a cikin motar kafin ciniki. Minti ashirin ne, amma a cikinsu na san abin da hoto ba zai gaya min ba, daga gwiwar Hajiya har zuwa inda kular abinci za ta zauna.

Damina ta zagayo, muka sake kama hanyar ƙauye mu bakwai, buhun shinkafa da jakunkuna a kan kariya an lulluɓe da tamfol. Da muka iso kwazazzabon na tsaya, na sauka, na tattare wando na shiga da sanda na auna zurfin ruwan, na ga inda ƙasa ta fi tauri ta hannun hagu. Na dawo na sa ƙaramar giya na bi a hankali. Ta ɗan yi santsi da baya, yara suka yi ihu, ta haye. Ɗaya daga cikin samarin da suka ciccibe mu bara yana kan kunya da fartanya a kafaɗa, ya ɗago hannu ya ce, "Alhaji, yau babu aikinmu ke nan?" Hajiya ta sauke gilashi ta miƙa masa goro.